Lissafin k na yashi da na karal: ina matsalar take?

Ɗalibi_Marwa:
Assalamu alaikum, malamai. Ina auna k, wato ma'aunin sauƙin da ruwa ke ratsa ƙasa, a samfur biyu. Na farko yashin kogin Mayo Tsanaga a bututu mai faɗin santimita 10, tazarar bakunan awo biyu 15, bambancin tsayin ruwa 30, an tara 450 cm³ a minti 3. Yaya ake fitar da k? Na biyu karal ne, wato baƙin yumɓu mai tsagewa da rani: ruwa ya zuba da gudu ranar farko, washegari ya ƙi ɗiga.

Injiniya_Garwa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Yashin ba wuya, dokar Darcy ce ta 1856: k = V×L ÷ (A×h×t). V yawan ruwan da aka tara ne, h bambancin tsayin ruwa, t lokaci. Harafin A kuwa ba santimita 10 ba ne, filin bakin bututu ne, 3.14×5×5 = 78.5 cm². Minti 3 kuma sakan 180. Ke nan 450×15 ÷ (78.5×30×180), ya ba da 0.016 cm a sakan. Amma auna zafin ruwan. Ana mayar da sakamako kan digiri 20, ruwan famfo kuwa a Marwa yakan haura haka da rani. A digiri 30 ruwa ya fi tsinkewa, sai ka ninka da 0.8, ya dawo kusan 0.013. L kuma tazarar bakunan awo ce, ba tsawon samfur duka ba.

Malama_Kusiri:
Karal ba a yi masa wannan gwajin sam. Gudun ranar farko ba ta cikin ƙasa ya bi ba, tsagogi da gefen bututu ya bi, da yumɓun ya sha ruwa ya kumbura sai ya toshe su. Ka jefar da wancan adadi. Ka jiƙa samfur daga ƙasa zuwa sama domin iska ta fita, da nauyi a kansa kwatankwacin wanda zai ɗauka a fili, har kumburi ya tsaya. Sannan ka yi gwajin ruwa mai sauka a siririn bututu: k = (a×L ÷ A×t) × ln(h1/h2), A da t duka a ƙasan layi; ƙaramin a filin bakin siririn bututun ne, A na samfur, L tsawon samfur, h1 da h2 tsayin ruwa a farko da ƙarshen awo, ln kuma logaridim ne (maɓallin ln a kalkuleta). Rufe bakin bututun ba tare da hana iska shiga ba, in ba haka ba zafi zai ƙafar da ruwa ka ɗauka ƙasa ce ta sha.

Injiniya_Garwa:
Gaskiya ne, Malama. Kuma ya yi da ruwan wurin aikin, don tataccen ruwa yana warwatsa yumɓu mai gishiri, k ya fito ƙasa da yadda yake. Sai awo uku a jere sun zo kusa da juna kafin a rubuta.