Neman kalmar Hausa: wane suna ya dace da dabbar da ake kira amfisbina?

Mai fassara:

Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara wani bayani game da wata dabba da ake samu a zirin Baha Kalifoniya da ke arewa maso yammacin Meziko, kuma sunanta ya tsayar da ni. Siririya ce, kaurinta bai kai santimita ɗaya ba, tsawonta kuma yakan kama daga santimita 18 zuwa 24. Launinta ja-ja ne mai haske irin na tana, jikinta zobba ne jere tun daga wuya har jela, idanunta kuwa sai an ƙura ido kafin a gan su. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne tana da gajerun hannuwa biyu dab da kanta, kowanne da yatsu biyar masu farata, amma ba ta da ƙafafun baya. Masana suna kiranta Bipes biporus, suna kuma sanya ta cikin rukunin Amphisbaenia, wanda zan riƙa rubutawa amfisbina saboda sauƙin furuci. Idan hotonta ya zaga a intanet, wasu sukan ce haɗa shi aka yi da kwamfuta, wasu kuma su rantse cewa ita ce tsutsar nan mai kisa da ake ba da labarinta a hamadar Gobi ta Mongoliya. Na fara rubuta "maciji mai kai biyu", domin na ga haka ake fassara asalin kalmar, amma hankalina bai kwanta da shi ba. Ina neman shawararku.

Malamin ilimin halittu:

Wa alaikumus salam, Malam. Gara da hankalinka bai kwanta ba, domin sunan ya ɗauko kuskure biyu a lokaci guda: dabbar ba maciji ba ce, kuma kanta ɗaya ne. Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta mai tafiya ta kowane ɓangare, kuma tun asali sunan wani macijin almara ne da Girkawa da Rumawa suka ce yana da kai a gaba da wani a jela. A labarinsu, ya tsiro ne daga jinin da ya ɗiga daga kan Medusa, wata dodanniyar almararsu, lokacin da jarumi Fasiyus, wanda ya sare kan, ya ratsa sararin hamadar Libiya riƙe da shi, kuma marubucin Rum ɗin nan Filini, wanda ya rasu a shekara ta 79 miladiyya, ya lissafa shi cikin macizai kamar abin da ke raye. Da masanin halittu Liniyas, ɗan ƙasar Suwidin, ya zo tsara sunayen dabbobi a 1758, sai ya ari sunan almarar ya laƙaba wa wasu dabbobi na gaske daga Kudancin Amurka, saboda jelarsu dunƙulalliya ce kamar kai kuma suna iya ja da baya cikin rami kamar yadda suke yin gaba. Ka ga ke nan rikicin da kake fama da shi a cikin sunan kansa yake.

A yau an san kimanin nau'i 200 na wannan rukuni, a Kudancin Amurka da Meziko da tsibiran Karibiyan da Afirka da yankin Larabawa da kudancin Turai, da kuma nau'i ɗaya a jihar Fulorida ta Amurka. Nau'i uku ne kawai suke da hannuwa, dukansu a Meziko, sauran babu hannu babu ƙafa. Ba a san ko ɗaya a Mongoliya ba, saboda haka masu danganta ta da tsutsar Gobi sun yi nisa da gaskiya. Waccan tsutsa, wadda aka ce tana feso dafi tana kashe mutum daga nesa, har yau ba wanda ya kawo gawarta ko hotonta. Ita kuwa wadda kake fassara bayaninta ba ta da dafi ko kaɗan, abincinta tururuwa ne da gara da tsutsotsin ƙasa. Duk da haka mutanen karkarar Baha Kalifoniya suna tsoronta, domin akwai camfin da ke cewa idan mutum ya tsuguna biyan bukata a daji takan shige jikinsa ta yi masa ɓarna da faratanta. Ba a taɓa tabbatar da haka ba, amma camfin ya isa ya sa a kashe ta da zarar an tono ta.

Dattijo, tsohon malamin gona:

Sannunku da ƙoƙari. Ni dai abin da na sani shi ne, manomi idan yana huɗa garma ta juyo masa da wani dogon abu marar ƙafa yana mutsu-mutsu, ba ya tsayawa duba haƙoransa. Idan laushi gare shi ya ce tana, idan yana da ɗan tauri ya ce maciji, ya kai masa sara. To me zai hana ku ce "macijin ƙasa" ko "tana mai hannu" ku huta? Ai raƙumin dawa ba raƙumi ba ne, jakin dawa ma ba wanda ya taɓa ɗora masa mangala, amma Bahaushe bai ruɗe da su ba. Kada ku ƙirƙiro sunan da sai ɗan jami'a ne zai iya faɗa.

Malamin ilimin halittu:

Baba, maganarka tana da nauyi, kuma gargaɗinka na ƙarshe abin riƙewa ne. Sai dai raƙumin dawa sunansa bai taɓa jawo masa sara ba, alhali kalmar maciji hukuncin kisa ce ga duk abin da aka laƙaba wa ita. Kuma batun ya shafe mu kai tsaye, domin akwai dangin wannan dabba a Afirka ta Yamma, 'yan sirara na jinsin Cynisca, waɗanda ake samu a Najeriya da Gana da Togo da Benin da Burkina Faso, cikin ƙasa mai laushi da ƙarƙashin ruɓaɓɓun itatuwa. Mai yiwuwa ne wani abin da garma ta taɓa juyo maka da shi ɗaya daga cikinsu ne.

Wanda ya ɗauke ta a tafin hannu zai ga bambancin da kansa. Tanar ƙasa ba ta da ƙashi, fatarta a jiƙe take, ba ta da muƙamuƙi. Wannan kuwa tana da ƙashin baya da haƙarƙari da ƙoƙon kai mai tauri wanda da shi take huda ƙasa, fatarta busasshiya ce, kuma idan ka duba zobban da kyau za ka ga kowanne an jera shi ne da 'yan ƙananan ɓawo masu kusurwa huɗu, gefe da gefe, ba tare da wani ya hau kan wani ba. Makafin macizan da ke zaune cikin ƙasa, waɗanda aka fi rikita ta da su, ɓawonsu sumul yake yana sheƙi, kowanne ya ɗan hau kan na bayansa. A baki, amfisbina tana da haƙori guda a tsakiyar muƙamuƙin sama wanda ke shiga tsakanin biyu na ƙasa, shi ya sa take iya gutsuro nama daga abin da ta kama maimakon ta haɗiye shi ɗungurungum kamar maciji. A ciki ma sun saɓa: huhun hagu ne ya ƙanƙance a jikin macizai, ita kuwa na dama ne. Fatarta ba ta manne da jiki sosai ba, jikin yana zamewa a cikinta kamar hannu a cikin hannun riga, sai ta kafa zobban a bangon rami ta tura kanta gaba ko baya yadda ta so. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa 'yan'uwanta na kusa wasu ƙadangaru ne masu ƙafa huɗu na Turai da Afirka da Asiya, kuma a 2011 an bayyana wani kwarangwal mai kimanin shekara miliyan 47 da aka tono a Mesel ta Jamus wanda ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Don haka duk sunan da za a zaɓa, ina roƙon a fara shi da ƙadangare.

Malamar Hausa:

Malamai, na bi bayananku, kuma ina so in ɗauki sunayen da aka kawo da waɗanda za a iya kawowa in auna su da ma'aunin harshe. "Maciji mai kai biyu" ya faɗi tun a bayanin Malamin ilimin halittu, kuma akwai ƙarin dalili: akwai macizai na gaske da ake yi wa wannan laƙabi, kamar wata 'yar ƙaramar mesa ta dazuzzukan Kalaba da ke ɓoye kanta ta ɗaga jela idan ta ji tsoro, ga kuma macizan da akan haifa da kai biyu na haƙiƙa saboda tangarɗar halitta. Idan muka ba wannan dabba sunan, mun rasa abin da za mu kira waɗancan. "Tana mai hannu" kuwa nau'i uku kawai ya rufe cikin 200, kuma ya mayar da mai ƙashi marar ƙashi.

Na san wani zai kawo "ƙadangaren tana", domin shi ne ya fi kusa da yadda wasu harsunan Turai suke kiranta. Ban goyi bayansa ba. A Hausa, idan aka haɗa sunan dabba da wani suna ta hanyar mallaka, abin da kunne ya saba ji shi ne wurin zama ko abin da dabbar ke bi: kifin rijiya, macijin ruwa, ɓeran masallaci, tsutsar goro. Wanda ya ji "ƙadangaren tana" zai ɗauka ƙadangare ne mai cin tana, ya zana jan gwada a zuciyarsa yana tono a bakin lambatu. "Ƙadangaren ƙasa" ya fi shi bin ƙa'ida, amma ƙasa kalma ce mai fuska da yawa, kuma damo ma a ƙasa yake da raminsa. "Kulɓar rami" ya yi daɗin faɗa, har na so shi da farko, sai dai kulɓa dangi ne daban, kuma a cikin danginta akwai marasa ƙafa da ke nutsewa cikin yashi, waɗanda su ne suka fi cancantar wannan suna ranar da wani mai fassara zai neme shi.

Akwai kuma hanyar fassara ma'anar Girkancin a ce "gaba-da-baya", bisa tsarin sunaye irin su faɗi-ka-mutu da bar-ni-da-mugu. Wannan yana da armashi, kuma Bahaushe zai riƙe shi da wuri, amma ba ya gaya wa mai karatu ko dabba ce ko tsiro ko wasan yara, kuma yana sake jan hankali zuwa ga almarar da muke son rabuwa da ita. Abin da na ga ya rage shi ne siffar da Malam ya nuna cewa ita ce ta keɓanta da wannan rukuni a cikin ƙadangaru, wato zobban da suka zagaye jiki gaba ɗaya. Ina ba da shawarar "ƙadangare mai zobba", jam'i "ƙadangaru masu zobba". Wanda bai taɓa ganin dabbar ba zai fahimci danginta daga kalmar farko, wanda kuma ya tono ta a gona zai gane ta daga ta biyu.

Dattijo, tsohon malamin gona:

Malama, zobban dai na yarda da su, domin ido yana ganinsu. Ƙadangaren ne har yanzu yake min nauyi. A wurinmu ƙadangare shi ne wanda ke gyaɗa kai a kan katanga. Ba ma kiran damo ƙadangare, ba ma kiran tsaka ko hawainiya ƙadangare, balle abin da ba shi da ƙafa ko ɗaya.

Malamar Hausa:

Gaskiya ne, Baba, a bakin mutanen gari ƙadangare dabba ɗaya ce takamaimai. Amma a rubutun ilimi an daɗe ana faɗaɗa kalmar ana cewa "dangin ƙadangaru" idan ana nufin damo da guza da tsaka da kulɓa da hawainiya a dunƙule, domin ba mu da wata kalma guda da ta tattara su, kuma masu karatu sun saba da hakan. Abin da zai magance damuwarka shi ne a ɗora wa mai fassara sharaɗi: a karon farko da sunan ya fito cikin rubutu, ya biyo shi da gajeren bayani cewa dabba ce daga dangin ƙadangaru, mai siffar tana, mai zama cikin ƙasa, marar dafi. Daga nan sai ya ci gaba da gajeren sunan. Ita kuma kalmar amfisbina kada a yar da ita. A bar wa macijin almara na Girkawa, wanda ba shi da takwara a tatsuniyoyinmu kuma bai kamata a ce masa dodo kawai ba, sannan a yi amfani da ita a matsayin sunan rukunin a rubutun kimiyya zalla, inda ake bukatar ɗalibi ya iya bin sawun kalmar cikin littattafan wasu harsuna.

Malamin ilimin halittu:

Na amince da wannan rabo. Abu ɗaya zan ƙara saboda Malam mai fassara: mutanen Meziko suna kiran dabbar da yake rubutu a kanta aholote, kuma da wannan suna ɗin ne suke kiran wata dabbar ruwa daga dangin kwaɗi da ke tafkunan birnin Meziko, wadda ba ta da alaƙa da ita. Idan sunan ya fito a bayanin da kake fassarawa, kada ka aro shi, domin zai kai mai neman hoto ga wata dabba daban.

Mai fassara:

Na gode, malamai, Allah ya ƙara ilimi. Ga yadda jimlar farko za ta kasance: "A zirin Baha Kalifoniya na ƙasar Meziko ana samun wani ƙadangare mai zobba, wato dabba daga dangin ƙadangaru mai siffar tana da ke zama cikin ƙasa kuma ba ta da dafi, wanda ya bambanta da yawancin 'yan'uwansa domin yana da hannuwa biyu na tono." A sauran rubutun zan riƙa ce masa "mai zobba na Meziko", kuma tunda ƙadangare ne a gaba, zan bi shi da lamirin namiji ko'ina.