Musayar Waƙa: Sarki Henry na Ballyhale

Baban Zara:
Salamu alaikum. Yau fagen na Henry Shefflin ne, ɗan wasan hurling na ƙasar Ayalan. Ga wanda bai san wasan ba: mutum 15 kowane ɓangare, sanda mai faɗin kai da 'yar ƙaramar ƙwallo. Ta shiga raga maki 3, ta bi ta saman ƙarfe maki 1. Kilkenny, Cork, Tipperary da Galway gundumomi ne na Ayalan, kowacce da ƙungiyarta; kofin Liam MacCarthy shi ne kofin ƙasa da suke takara a kai, ana buga wasan ƙarshe a filin Croke Park.

Bismillahi, na buɗe fage da kaina,
Ɗan Ballyhale zan yaba, ku saurari zancena.
A 1999 ya shiga sahun manyan Kilkenny,
Cork ta ka da su da maki ɗaya, ya kwana da ƙuna.
Shekara na kewayowa ya ɗaga kofin Liam MacCarthy,
Zuwa 2014 sau 10 ke nan, ƙirga da ni, ƙanena.

Ɗan Gwaggo:
Yaya, ka ƙirga goma ka ɓoye guda,
Ina 2010, wadda Croke Park ta shaida?
Huɗu a jere suka ci, suka zo neman na biyar,
Tipperary ta tare hanya, ta ce ba a nan ba, koma gida.
Lar Corbett ya zura uku shi kaɗai,
Kilkenny mai laƙabin Mage ta fita shiru, ba kiɗa ba guɗa.

Uwar Biyu:
Haba ƙanena, faɗi gaskiya ko da ɗaci,
Jijiyar gwiwar Henry tun wasan kusa da na ƙarshe da Cork ta ɓaci.
Ya ƙi zama, ya ɗaure ya fito fili,
Bai yi nisa ba gwiwar ta mai da shi benci.
In za ka yi kirari, nemo ranar da yake tsaye,
Shekarar da ta gabace ta, 2009, wa ya buga fanareti kuka ci?

Ɗan Gwaggo:
Yaya Uwar Biyu, wannan fanaretin ki bar shi,
Har gobe mutanen Tipperary na ƙorafin alƙalin da ya ba shi.

Malam Na-Allah:
Yara, kun manne wa rigar Kilkenny, baƙi da ruwan ɗorawa,
Kun manta kore da fari, inda ya fara tasowa.
A wasan nan ba a sayen ɗan wasa, ba albashi,
Banki yake aiki, da yamma ya zo atisaye yana ɗagawa.
Shamrocks ƙungiyar ƙauyensu ce, da ita ya ci kofin ƙasa na ƙungiyoyi sau 3,
2007, 2010, 2015, ku rubuta don tunawa.
Ita 2010 ɗin da kuke ta ja-in-ja a kanta,
A watan Maris ya riga ya kai kofi gida ana ta rawa.
Haka a 2015, sai da ya ci wa ƙauye tukuna,
Kafin watan ya ƙare ya yi wa kocin Kilkenny, Brian Cody, sallama da kowa.
Da ya ajiye sanda ya dawo musu koci,
2019 da 2020, kofi biyu a jere, ba tsayawa.

Baban Zara:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Na bar All-Star 11, wato kyautar fitattun 'yan wasa na shekara, da gwarzon shekara sau 3 a aljihu, baitin ya ƙi ɗauka.

Ɗan Gwaggo:
Malam, a gafarce ni, akwai sauran magana,
A 2021 ya tafi Galway koci, can ma ƙauyensu ne, Babana?

Uwar Biyu:
To ɗan tsokana, fara nemo mana kalmar da za ta yi amsa-amo da Galway, sai mu amsa maka bayan la'asar.