Ranar da kuka fara shiga ƙauye da takardar tambayoyi, me kuka tarar?

Ɗaliba daga Fagge

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara, kuma an amince mini da babi uku na farko. Bincikena a kan abin da ke sa 'yan mata barin makaranta bayan aji uku na ƙaramar sakandare ne, a ƙauyukan Bichi da Tsanyawa. Jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, wanda ake duba yawan mutanen da za a tambaya a bincike, ya ba ni mutum 384. Na buga takardu na zuba a jaka, amma wallahi gabana faɗuwa yake, don a birni na tashi, ban taɓa kwana a ƙauye ba. Don Allah duk wanda ya taɓa fita tattara bayanai ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Ɗan Ringim

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni ilimin zamantakewa na karanta, kuma na fita ne bayan ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonaki da gidaje a wajenmu da su Auyo da Hadeja. Na bi ƙa'ida, na kai takardar makaranta wurin hakimi, ya tura ni ga dagaci, dagaci ya haɗa ni da mai unguwa. Inda na yi sake shi ne ban zauna na fahimtar da mai unguwa ainihin aikina ba, sai na ce masa kawai na zo ne a kan ambaliya.

Washegari da hantsi na tarar da ƙofar gidansa cike da jama'a, kowa riƙe da takardar shaidar ɗan ƙasa a leda. An ɗauka sunayen tallafi na zo ɗauka. Akwai wani dattijo da ya tako daga wata unguwa mai nisa, wandonsa duk laka har gwiwa. Ya zauna gabana ya lissafa mini komai: ɗakuna uku sun rushe, rumbu ya tafi da gero, awaki biyu. Da muka gama sai ya ce, "Yaro, yaushe za mu ji kira?" Har yau wannan tambayar tana damuna. Na gaya masa gaskiya, cewa ni ɗalibi ne, ba ni da abin rabawa. Ya yi shiru, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya tashi.

Takardun ranar duka na ajiye su gefe, ban sa su a lissafi ba, don amsar da mutum ya bayar yana sa ran tallafi daban take da wadda zai bayar in ya san hira ce kawai. Na roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallar magariba cewa aikin makaranta ne, babu kuɗi, babu buhu. Mutane suka ragu sosai, amma da waɗanda suka rage na rubuta babi na huɗu.

Mai bincike a Maigatari

Abin da Yaya ya faɗa haka yake. Ki kuma tambayi ranar kasuwa kafin ki ɗauki hanya. Ni ranar Alhamis na fara zuwa wani ƙauye kusa da Maigatari, na tarar babu magidanci ko ɗaya, kowa ya tafi kasuwa. Da damina kuma kada ki nemi kowa kafin azahar. Sannan a rugar Fulani ban taɓa samun wanda ya faɗa mini yawan shanunsa ba. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali tun Jigawa tana cikin Kano, amma baƙo da biro yana tambayar adadin dabbobi, har yanzu ba a sakin jiki da shi.

'Yar Gumel

'Yar'uwa, fanninmu ɗaya, don haka bari in ɗan tsawaita. Na yi aiki a kan fargabar jarrabawa tsakanin 'yan mata a makarantun jeka-ka-dawo. Takardata irin ta ma'aunin Likert ce mai zaɓi huɗu, na fassara: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ban yarda ba sam. A makaranta ta farko wani malami ya tsaya a bakin ƙofa da niyyar taimaka mini. Da na tattara takardun, kusan duk aji sun zaɓi "na yarda ƙwarai" tun daga sama har ƙasa, har da tambayoyin da suka saɓa wa juna. Yarinyar da aka yi wa tarbiyyar kada ta musa wa babba, ta yaya za ta rubuta "ban yarda ba sam" malaminta yana tsaye?

A makaranta ta biyu na roƙi a bar ni da su. Na bar kujerar malami, muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya, na ce kada kowa ta rubuta suna. Na kuma sauya salon tambayar, na koma cewa "sau nawa hakan ke faruwa da ke: kullum, wani lokaci, da wuya, ko bai taɓa ba". Nan take amsoshi suka bambanta.

Amma ke waɗanda suka bar makaranta kike nema, kuma ba a aji za ki same su ba. Wasu suna talla, wasu suna ɗakin miji. Ki nemi macen da gari ya yarda da ita, ungozoma ko malamar Islamiyya, ta shiga da ke. Ki fara gaida uwar miji, kuma a nemi izinin maigida tun kafin ranar. Na taɓa zama da wata yarinya, shekarunta ba za su wuce 16 ba, tana tsince shinkafa a faifai muna magana. Duk tambayoyina ta amsa da "haka ne". Sai da na rufe jaka na miƙe, ta rako ni zaure, sannan ta ce a hankali, "Anti, ni fa na ci jarrabawar. Babbar sakandaren ce a wani gari, Baba ya ce ba zan riƙa taka wannan hanyar ni kaɗai ba." A takardata babu gurbin nisa, kuma na tabbata a taki ma babu. Ki bar fili a ƙarshe, ki kuma riƙe ƙaramin littafi don maganar zaure.

Abu na ƙarshe: da zarar sun ji ke mai ba da shawara ce, wata za ta faɗa miki abin da ya fi ƙarfin bincike. Ki san tun daga gida wa za ki haɗa ta da shi.

Ɗalibin sarrafa masana'antu

Ni ba mata na bincika ba, amma ciwon ɗaya ne. Na yi aiki a kan masu injin casar shinkafa a Kura, inda ruwan madatsar Tiga ya sa ake noma rani da damina. Takardata daga binciken manyan kamfanoni irin na Sharada da Challawa na ɗauko tsarinta: yawan ma'aikata na dindindin, albashin wata, ribar shekara, tsarin shugabanci. Mai inji na farko ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam, daga ofishin haraji kake?"

Sai da na yi kwana uku ina zama a kan buhu, buntu yana cika mini hula, sannan na gane yadda wurin ke tafiya. Babu albashin wata. A kan buhu ake biyan yaran inji, masu dako daban, mata masu turara shanshera a gida daban, kuma yawancin shinkafar ma ba ta mai injin ba ce, kuɗin casa kawai yake karɓa. Lissafinsa yana cikin kansa da wani littafin makaranta mai layi: buhu nawa aka casa, man gas nawa aka sha, wa ake bi bashi. Da na koma tambayar "buhu nawa kake casawa a rana lokacin kaka, nawa kuma in shanshera ta yi wuya", sai ga lissafi dalla-dalla, wanda ya fi abin da na zo nema.

Malamin firamare, yankin Birnin Kudu

Ku yi haƙuri in shigo, ni ba ɗalibi ba ne. Ni ne wanda dagaci ke kira in an yi baƙi masu takarda, in yi musu jagora. Na raka masu bincike da yawa a shekarun nan, kuma ko ɗaya bai dawo ya ce ga abin da na gano ba. Mutanenmu sun lura. Wani tsoho ya taɓa ce mini, "Malam, kullum a zo a ɗebi maganarmu kamar ruwan rijiya, ba a ko mayar da murfi."

Game da takardar amincewa, kada ku yi fushi in an ƙi dangwala yatsa. Manya ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma wannan na cikin abin da ya ƙara wa mutane shakka har aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Ku karanta takardar da Hausa a gaban shaida, ku faɗi cewa mutum yana da damar ƙi, in ya ƙi ku yi godiya ku wuce.

Shekaru kuma, kada ku matsa. Ku tambayi tsoho ko ya yi wayo lokacin canjin kuɗi zuwa naira a 1973, ko yana da aure lokacin da aka kashe Murtala a 1976, ku yi lissafin da kanku.

Mai bincike a Maigatari

Malam, ya kake ganin ba da ɗan abu? Ni sabulu na riƙa ba matan da na yi hira da su, don na cinye musu lokacin aiki.

Ɗan Ringim

Ni ban goyi baya ba. Gida ɗaya ka ba, gobe gari ya ɗauka rabo ake, ka koma inda na faɗa.

Malamin firamare, yankin Birnin Kudu

Goro ga dagaci da mai unguwa gaisuwa ce, wannan ba a fasawa. Sabulu kuma in za a bayar, a bari sai ranar tafiya, bayan an gama da kowa, kuma kada a yi alkawarinsa tun farko. Abin da ya fi ci mini rai daban ne. Na ga wanda ya cika takarda goma sha biyu, rana ta yi zafi, ya koma gindin mangwaro ya cika sauran da hannunsa yana sauya biro. A gabana aka yi. Sunan garinmu ne zai hau wannan kundin, kuma wata rana wani zai karanta ya ce haka mutanen wurin suke.

Ɗaliba daga Fagge

Na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi kwana huɗu a wani ƙauye a Tsanyawa, a ɗakin malamar Islamiyyar garin na sauka. Takarda 23 kawai na cika, na kuma cika rabin ƙaramin littafin da Anti 'Yar Gumel ta ce in riƙe. Maganar nisa ta fito, haka ma rashin banɗaki a makaranta, wanda ban taɓa kawowa a raina ba. Na nuna wa malamin da ke duba aikina, ya yarda in ƙara tambayoyi biyu, in kuma haɗa da hira ta baki da iyaye mata.

Malam na Birnin Kudu, na gaya wa dagaci cewa in na gama zan kawo taƙaitaccen sakamako da Hausa, shafi biyu, a karanta a zaurensa da kuma Islamiyyar mata. Ya ce zai ajiye maganar. Ranar Talata zan koma. Akwai gidaje uku da magidanta suka ce sai sun yi shawara, ɗaya a ciki na yarinyar da malamar ta ce ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu. In akwai wanda ya taɓa shawo kan irin wannan ba tare da ya matsa wa maigida ba, don Allah ya faɗa mini yadda ya fara maganar.