Neman shawara: PS5 zan saya ko in haɗa kwamfutar gem?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin. Kusan shekara biyu ina tara kuɗi, yanzu na haɗa miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, kuma tun farko PS5 na sa a gaba. PS4 ɗina na tun 2017 ya gaji, idan fankarsa ta tashi sai ka ce injin markaɗe, har Hajiyarmu takan leƙo ta tambaya me ake niƙawa. To jiya wani abokina ya dagula min lissafi, wai in na zuba kuɗin nan a PS5 na yi asara, gara in haɗa kwamfuta ta tebur, ta fi ƙarfi kuma gem ɗinta sun fi araha. Ni dai ƙwallo na fi bugawa, FC, ni da ƙannena biyu bayan isha'i, sai Call of Duty jefi-jefi, kuma ina jiran GTA 6. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da haɗa shi, da wata tsohuwar laftof da sai ta yi awa biyu kafin ta fitar da bidiyon minti ashirin. Wuta a unguwarmu a kawo a ɗauke, muna da 'yar sola mai batir ɗaya. Talabijin ɗin falo inci 43 ce, irin ta yaku-bayi. Wanne zan saya?

Mai Gidan Gem:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, je ka sayi PS5 ɗinka ka huta. Guda huɗu gare ni a shago, yara na dukansu tun daga la'asar har sha ɗayan dare, ban taɓa zama ina neman dalilin da gem ya ƙi buɗewa ba. Ka kunna, ka miƙa wa ƙaninka hannu ɗaya, an take wasa. Amma ka sayi mai cin faifai. Faifan da ka gama da shi za ka yi musaya ko ka sayar, kuma kusan duk na PS4 da ka tara zai ci su. Ranar da ka matsu da kuɗi ma, PS5 ba ya kwana a kasuwa. Kwamfutar da aka harhaɗa kuwa sai ka sha tayi na wulaƙanci.

Injiniya:
Oga Mai Gidan Gem ya faɗi gaskiya ta ɓangarensa, amma bari in ɗan buɗe cikin akwatin, don abokin naka rabin zance ya ba ka.

PS5 shi ma kwamfuta ce, kayan AMD ne a ciki: firosesa mai kai takwas ta zubin Zen 2, katin girafik na zubin RDNA 2, da RAM giga 16 da suke rabawa tsakaninsu. Da ya fito a Nuwamban 2020 a kan dala 499, ba wanda ya isa ya haɗa kwamfuta mai wannan ƙarfin da wannan kuɗin. A shekarar da ta biyo baya ma katin girafik ya zama gwal, masu haƙar kirifto sun kwashe, sai da kirifton Ethereum ya bar haƙa da kati a Satumban 2022 kasuwa ta sauko. Wancan lokacin PS5 ya ci gari ba gardama.

Yau kayan cikinsa sun tsufa. Ƙarfin girafik ɗinsa bai wuce na kati irin RX 6700 ba, kuma katin RTX 4060 na kamfanin Nvidia da ya fito a 2023 kan dala 299 yana kamo shi a yawancin gem, ga fasahar DLSS da ke ƙara masa gudu. A nan abokinka ya tsaya. Abin da bai gaya maka ba, kati kaɗai ke nan. Saura firosesa, madabod, RAM, SSD, gidan wuta mai raba wa kayan lantarki, akwati, sannan monita in ba a falo za ka ajiye ta ba. Kafin ka gama ka wuce kuɗin PS5. Dalili kuwa Sony ba a akwatin yake neman riba ba, a gem da kuɗin PlayStation Plus yake fanshewa. Sai ka biya wannan kafin ka buga FC da mutane ta intanet, alhali a Steam, shagon gem na kwamfuta, ba a biyan ko sisi don wannan, kuma sukan yi rangwame mai zurfi sau da dama a shekara. Ranar saye PS5 ne mai sauƙi, bayan shekara uku huɗu lissafin yakan juya.

Zancen 4K da firem 120 (hotuna 120 a daƙiƙa) da ke jikin kwali kuma ka ajiye shi gefe. Haɗa su biyun sai talabijin mai HDMI 2.1, taka ta falo nan firem 60 za ta tsaya ko da me ka jona mata. Manyan gem ma a PS5 zaɓi suke ba ka: hoto mai kyau a firem 30, ko a rage kyan a ba ka 60. Mark Cerny, wanda ya tsara injin, shi da kansa ya ce wajen gabatar da PS5 Pro a 2024 kusan kashi uku cikin huɗu na lokaci 60 ɗin mutane ke ɗauka. Pro ɗin dala 699 ya fito kuma babu macin faifai, kada ma ka kalli wajensa da wannan talabijin.

Ni abin da ya tsaya min a saƙonka layi ɗaya ne: awa biyu kana jiran bidiyon minti ashirin. PS5 ba zai taɓa buɗe maka Premiere, manhajar haɗa bidiyo, ba. Katin Nvidia kuwa yana da sashe na musamman da aikinsa ke nan, matse bidiyo, abin da kake jira awa biyu sai ya fita kafin ka sha shayi. Ɗaya akwatin ci yake yi, ɗayan yana iya ciyar da kansa.

Ɗan Fagge:
Injiniya kullum kai sai ka mayar da mutum ɗan makaranta. Mutum ya ce GTA 6 yake jira! Rockstar, masu yin GTA, PS5 da Xbox Series kawai suka ambata, ba kwamfuta. Kuma halinsu ne: GTA 5 ya fito Satumban 2013, 'yan kwamfuta sai Afrilun 2015 suka gan shi. Red Dead Redemption 2 ma shekara guda suka yi suna haɗiyar yawu. Spider-Man 2 ya zo PS5 a ƙarshen 2023, kwamfuta sai farkon 2025. Ka sa yaro ya haɗa kwamfuta, ranar da gem ya fito ya zo gidana kallo.

Injiniya:
Wannan na sallama maka, Alaji. Sai dai GTA 6 ɗin nan an ɗage shi fiye da sau ɗaya. Ba na ba mutum shawarar ya sayi buhu tun hatsin na gona.

Ɗan Fagge:
Buhun kuma kullum tsada yake ƙarawa. Da can inji yana tsufa yana araha, wannan karon Sony ƙara dala hamsin ya yi a Amurka a Agustan 2025. Wanda ya jira bai ci riba ba.

Anti Mai Sola:
Ku duka kun tsallake batir ɗayan nan da ya ambata, ni kuwa nan idona ya faɗa. PS5 yana jan wajen wat 200 in ana buga babban gem. Haɗa da talabijin da fanka, ka ce 300. In batirinka irin 200Ah ne mai bolt 12, a takarda wat 2,400 ne na awa guda, amma in ba litiyom ba ne rabi kawai za ka taɓa in kana son ya yi ƙarko. Ga abin da inbata ke ci. Awa uku zuwa uku da rabi ke nan, kuma gidan ya kwana a duhu, Hajiya ta san wanda za ta kama. Kwamfuta mai RTX 4060 ba ta yi nisa da haka ba, katin kansa wat 115 ne, duka akwatin da monita ka sa 250 zuwa 300. Amma kada wani ya lallaɓa ka da tsohon babban kati don ya yi araha, akwai masu jan sama da 300 su kaɗai.

Kuɗin wutar ba shi ne abin tsoro ba. Ko a farashin Band A na naira 225 da aka sa a Afrilun 2024, awa uku na PS5 bai wuce naira 135 ba. Abin tsoro ɗaukewar bazata da wutar da ke dawowa da ƙarfi. Duk wanda ka saya, ka cire kuɗin UPS ko sitabilaiza daga cikin miliyan ɗayan nan tun yanzu, ka ɗauka ba ka da su.

Na Zariya:
Me zai hana Xbox Series S? Bai kai wat 100 ba, ya fi su araha nesa, FC na tafiya lafiya, GTA 6 ma zai zo masa. Illarsa ba ya cin faifai.

Mai Gidan Gem:
Rashin faifan nan a wajenmu ba ƙaramar illa ba ce. Babban gem ɗaya sai ya wuce giga 100, nawa ne datar? Kuma wannan ya shafi kwamfuta ma, don ita kam komai sauko da shi ake yi. Ko da faifai ma ba ka tsira ba, kana sakawa zai ce akwai sabuntawa. Wani abu kuma da ya kamata ka sani, Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ya buɗe wa shago a hukumance. Akawun na Amurka ko Ingila muke buɗewa, mu sayi katin kuɗi na ƙasar. In ka buɗe na Amurka ka sayo katin Ingila ba zai shiga ba, kuma ba a canza ƙasa bayan an buɗe.

Baban Walid:
Ni gargaɗi kawai zan yi, don an taɓa ni. Bara waccan na sayi katin girafik na hannu a wani shago, yana ƙyalli kamar sabo, an gwada min minti biyar komai lafiya. Sati uku sai ga ɗigo-ɗigon kore a fuskar monita, can sai ta mutu ɗif a tsakiyar wasa. Mai gyara ya kwance, ƙasan allon ya yi ruwan ƙasa kamar an gasa shi, ya ce wannan ya shekara yana haƙar kirifto dare da rana. Na koma shagon aka ce kwana bakwai ne garanti. In za ka sayi na hannu, ka zauna a sa masa gem mai nauyi aƙalla rabin awa kana kallon zafinsa a allo. Kada ka yi rowa a gidan wuta, shi ne in ya tafi yake tafiya da 'yan uwansa. Sannan ƙurar hunturu ba ta san PS5 ba ba ta san kwamfuta ba, duk wata biyu ka buɗe ka hure.

Ɗan Tudun Wada:
Kai, Allah ya saka da alheri. Na karanta har sau biyu. Gaskiya zuciyata na wajen PS5, kuma maganar Alaji Ɗan Fagge ta GTA ta sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Amma daren jiya ma wata uwar amarya ta kira ni sau huɗu kan bidiyon kamu, laftof na kashi 61 tana nishi, na rasa abin da zan ce mata. Watan da ya wuce aiki biyu na mayar saboda na san ba zan iya fitar da su a kan lokaci ba. Don haka kwamfutar zan haɗa. In ta yi aiki ta kawo kuɗi, PS5 ya biyo baya lokacin da GTA ya fito da gaske. Damuwata ƙannena ne, sun riga sun gaya wa duk unguwa PS5 na tafe.

Mai Gidan Gem:
To ai shi ke nan, ka kayar da ni da uwar amarya. Ƙannenka kuwa kada ka sayar da PS4 ɗin. Har FC 26 ya fito a kansa. Ƙarar da kake ji ƙura ce ta toshe shi, man da ke kan firosesa kuma ya bushe. Kawo min shi in kwance in wanke in sa sabo, ba zan karɓi komai ba, Hajiya ta huta da markaɗe.

Injiniya:
Hannun PS4 ɗin ma yana aiki a Steam, ka jona da kebul kawai, ba sai ka sayi wani ba. Tunda bidiyo za ka yi, RAM kada ya gaza giga 16, in kuɗi sun kai ka yi 32, SSD tera ɗaya. In aka matse, a fitilu da akwatin gilashi za ka rage, ba a gidan wuta ba. Ka fara cire kuɗin UPS ɗin da Anti ta ce, ka turo min abin da ya saura in rubuta maka kayan ɗaya bayan ɗaya. Asabar bayan azahar ba ni da komai, sai mu shiga kasuwa tare. Ka taho da bidiyon kamun nan a filas, da shi za mu gwada katin a gaban mai shago.

Ɗan Fagge:
Na dai ajiye maka kujera a falona.