Tambaya: Yaya zan tsara hanya mai sauƙi ta girka filogin a manhajar rumbun bayanai?

Mai_Rumbu ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kusan shekara biyu ke nan ina rubuta wata ƙaramar manhajar rumbun bayanai da harshen C, kuma yanzu masu amfani da ita sun fara neman abubuwan da ba na so in cusa a gangar jikinta, kamar sababbin nau'o'in bayanai da hanyoyin bincike cikin rubutu. Don haka na yanke shawarar buɗe ƙofa ga filogin, wato ƙananan manhajojin da wani zai rubuta daban, a jona su daga baya.

Abin da ke raina shi ne folda guda ɗaya: duk fayil ɗin da aka ajiye a ciki, da zarar an kunna manhajar sai ta loda shi da dlopen (aikin da ke shigo da fayil ɗin da aka harhaɗa cikin manhaja tana kan gudana), ta kira wani aiki mai sanannen suna a cikinsa, shi ke nan. Shin wannan ya wadatar, ko akwai ramin da ban hango ba? Ba na son tsarin girkawa ya fi rumbun kansa girma.

Tsohon_Injiniya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Tsarin naka zai yi aiki a ranar farko, amma matsalarsa ita ce ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su: kasancewar fayil a kan faifai daban, girka shi a cikin wani rumbu kuma daban. Filogin na rumbun bayanai yakan bar sawu a cikin bayanan kansu. Idan mutum ya ƙirƙiri tebur da nau'in bayanan da filogin ya kawo, sannan wani ya goge fayil ɗin daga foldar, rumbun zai wayi gari da bayanan da bai san yadda zai karanta su ba, kuma ba shi da inda zai duba ya gane abin da ya ɓace.

PostgreSQL, sananniyar manhajar rumbun bayanai, ta daɗe tana fama da irin wannan. Kafin siga ta 9.1, wadda ta fito a 2011, girka ƙari (sunan da take kiran filogin da shi) yana nufin ka gudanar da fayil ɗin SQL, wato harshen ba rumbu umarni, da hannunka, ayyuka da nau'o'in da ya ƙirƙira su watsu cikin rumbu ba tare da wata alamar cewa uwarsu ɗaya ba. Umarnin CREATE EXTENSION ne ya gyara haka. Kowane ƙari yana zuwa da ɗan fayil mai ƙarewa da .control wanda ke faɗin sigarsa da sauran ƙarin da ya dogara da su, sai fayil ɗin SQL mai ɗauke da suna da lambar siga. Idan an girka, ana rubuta shi a teburin pg_extension, kuma duk abin da ya ƙirƙira ana ɗaure shi da sunansa. Amfanin wannan ɗauri yana bayyana a wuri biyu: DROP EXTENSION yana kwashe komai gaba ɗaya, kuma yana ƙin yin aiki idan akwai teburin da ke dogara da ƙarin, sannan pg_dump, manhajar da ke kwafe rumbu, a lokacin ajiyar ko-ta-kwana, layi ɗaya na CREATE EXTENSION yake rubutawa maimakon kwafe duk kayan cikin. MySQL ma tana da nata rijistar, domin INSTALL PLUGIN yana rubuta suna da fayil a teburin mysql.plugin, daga nan take sanin abin da za ta loda idan an sake kunna ta.

Shawarata ke nan: ka riƙe foldarka, amma ka ƙara ɗan fayil na bayani ga kowane filogin, da tebur ɗaya na rijista a cikin rumbu, kuma kada manhajar ta loda komai sai abin da ke cikin rijistar. Ka kuma tanadi hanyar sabuntawa tun yau, ko da ba ka da siga ta biyu tukuna. Dabarar PostgreSQL a nan tana da sauƙin kwaikwayo: fayil mai suna kamar kari--1.0--1.1.sql yana ɗauke da matakan tashi daga wannan siga zuwa waccan, manhajar kuma ta jera su idan tazarar ta fi mataki ɗaya.

Malama_Tsaro ta rubuta:

Na yarda da bayanin Malam Tsohon_Injiniya, sai dai akwai abin da ya fi ba ni tsoro a tsarin farko. Fayil ɗin da aka loda da dlopen yana gudana ne a cikin manhajar kanta, da duk ikon da take da shi, saboda haka duk wanda ya samu damar ajiye fayil a wannan folda ya mallaki rumbun da abin da ke cikinsa. Ba banza ba SQLite ta bar loda ƙari a kashe sai mai manhaja ya kunna shi da sqlite3_enable_load_extension, Redis kuma daga siga ta 7.0 ta rufe umarnin MODULE, wanda ake loda filogin da shi, sai an buɗe shi a fayil ɗin saiti. Ka sa umarnin girkawa ya karɓi suna kawai, ba cikakkiyar hanyar fayil ba, ka ƙi duk sunan da ke da alamar / ko ɗigo biyu a jere, kuma mai kula da rumbu kaɗai ya iya ba da umarnin.

Abu na biyu shi ne dacewar siga. Filogin da aka harhaɗa domin tsohuwar sigar manhajarka yana iya lodawa lami lafiya a sabuwa, alhali tsarin bayanan da ke cikin ƙwaƙwalwa ya canza, sai ya riƙa rubutu a inda bai kamata ba, ya lalata bayanai shiru ba tare da wani saƙon kuskure ba. PostgreSQL tana tilasta wa kowane irin wannan fayil ya ɗauki tambarin PG_MODULE_MAGIC, wanda take dubawa kafin ta kira komai a cikinsa. Hanyar SQLite ta fi burge ni ga ƙaramin aiki irin naka: tana miƙa wa ƙarin jerin ayyukan da aka yarda ya kira, a cikin tsari guda, kuma sababbin ayyuka a ƙarshen jerin ake ƙara su domin kada na da su gusa daga gurbinsu.

Mai_Rumbu ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama, Allah Ya saka da alheri. Saura abu biyu. Idan girkawa ta tsaya a tsakiya, misali wuta ta ɗauke bayan an ƙirƙiri rabin ayyukan, me zan yi? Kuma ya dace manhajar ta riƙa sauko da filogin daga intanet da kanta, kamar yadda na ga DuckDB tana yi da umarnin INSTALL?

Tsohon_Injiniya ya rubuta:

Game da ta farko, idan rumbunka yana iya dunƙule ƙirƙirar tebur da ayyuka cikin aiki guda wanda ko dai ya kammala duka ko a janye shi duka, to ka sa girkawa da rubutun rijista a cikin dunƙule ɗaya, magana ta ƙare. Idan ba ya iyawa, ka fara rubuta filogin a rijista da alamar "ana kan girkawa", ka riƙa lissafa duk abin da ya ƙirƙira, sai a ƙarshe ka mayar da alamar "an gama". Duk lokacin da manhajar ta tashi ta tarar da alamar farko, sai ta bi lissafin ta share. Shi kuwa fayil, ka kwafe shi da sunan wucin gadi a cikin foldar, sannan ka canza masa suna da rename, wanda a tsarin POSIX, wato ƙa'idar da irin su Linux ke bi, yake faruwa a mataki ɗaya matuƙar duka sunayen biyu suna kan faifai ɗaya. Kada kuma ka wahalar da kanka da sauke filogin daga ƙwaƙwalwa alhali manhaja tana aiki. Cire shi daga rijista, ya daina lodawa daga kunnawa ta gaba.

Ta biyun kuwa, ni ban ba ka shawarar ka fara da ita ba. DuckDB tana iya yin haka ne domin tana sa wa kowane ƙari hannu na dijital, tana ƙin loda wanda ba shi da sa hannun sai an ba ta izini a fili, kuma tana harhaɗa fayil daban ga kowace siga da kowane irin na'ura. Wannan aiki ne na tawaga, da ma'ajiyar da za a riƙa kula da ita da mabuɗan da za a tsare shekara da shekaru. Ka bar mai kula da rumbu ya ajiye fayil da hannunsa, ka rubuta lambar SHA-256 ta fayil ɗin, wato lambar da ke canzawa idan an taɓa abin da ke cikinsa, a rijista ranar girkawa, manhajar ta riƙa kwatanta ta kafin kowane lodi.