Turke ko Tarko? Musayar Baitoci kan Hukuncin 'Yan Fashi

Direban Funtuwa:
Assalamu alaikum. An tare mu ranar Talata, yaron motata ya rasu. Mai amsa ya riƙe amsa-amon "ya".

Da sunan Allah na ɗau biro,
Hannuna na rawa tun jiya.

Mun wuce Katari da la'asar,
Suka jera duwatsu kan hanya.

Yaron motata ya ɗaga hannu,
Babu musu, babu jayayya.

Sun kwashe kuɗin masara duka,
Suka harbe shi saboda waya.

Ni na kai wa uwarsa gawa,
Na kasa dubanta don kunya.

A dawo da turke a fili,
A ɗaure su, a tara duniya.

Wanda ya ga an harbe gogansa,
Zai yar da makami ya ja baya.

Baba Mai Fansho:
Allah ya jiƙan yaro, ya ba ka haƙuri, ɗana. Turken nan da idona na gan shi.

Ɗana, na riga ka ganin turke,
Ina Ikko, ina da ƙuruciya.

Gowon ya yi doka a 1970,
Mai fashi da makami ba kariya.

A 1971 Bar Beach ta cika,
Ga gangar yashi, ga igiya.

Nan aka ɗaure ɗan fashi Oyenusi,
Dubbai na kallo da hayaniya.

Ana cikin harbin, wallahi,
Aka yanke aljihuna ta baya.

Shekara sha biyar da yin wannan,
Ɗan fashi Anini ya hana Benin lafiya.

Wa ke ba shi sirri da harsashi?
Iyamu, ɗan sanda mai jiniya.

Sai da bangon gida ya tsage,
Ƙadangare ya san ƙofar ajiya.

An harbe su duka a 1987,
Muka ce ƙarshen fashi, ashe ƙarya.

A 1995, gidan Kirikiri,
Arba'in da uku a rana ɗaya.

Ga ka yau kana kukan yaronka,
Fashin ya tsaya? Ina tambaya.

Direban Funtuwa:

Baba, sai mu ciyar da su gabza,
Mu kuma mu goya maraya?

Malamin Zaure:
Alhaji direba, kukanka yana kan hanya, amma a ji abin da Littafi ya ce.

Wannan laifi sunansa hiraba,
Ma'ida ta kawo shi cikin aya.

Ta 33 ta jera hukunci,
Kisa, ko tsirewa a idon duniya,

Ko hannu da ƙafa a saɓa su,
Ko kora daga ƙasa ɗaya.

Malik ya bar zaɓi ga shugaba,
Ya auna ɓarna da moriya.

Ta 34 ta buɗe ƙofa,
Ga mai tuba kafin kamu, tun yana ɓuya.

Jinin yaronka yana da haƙƙi,
Ban ce a yafe ba, ban iya.

Sai dai a tabbatar gaban alƙali,
Da shaidu masu faɗin gaskiya.

Taron tasha da fetur da taya,
Ba shari'a ba ce, ramuwar gayya.

'Yar Lauya:
Baba, Malam, a ba ni wuri. Dokar tana nan, ba wanda ya soke ta.

Fashi ba makami, ashirin da ɗaya,
Shekarun ɗauri a dokar tarayya.

In da makami ko an yi rauni,
Harbi ne ko igiya a wuya.

Fiye da dubu uku na jiran ajali,
Gwamnoni sun kai biro ajiya.

Tun Edo a 2016,
Ba mu ji an rataye ko ɗaya.

Ku dubi su wa ke ɗakin jira:
Wani yaron Osun, kaji ne kaya.

An yanke masa kisa a 2014,
Sai 2024 ya ga safiya.

A Zamfara kuwa, shekarar 2000,
Hannu ya faɗi a kan saniya.

A 2019 masu manyan bindigogi,
Aka zauna da su ana dariya.

Mai tare hanya a dajin Rijana,
Lissafi yake cikin zuciya:

Wa zai kama ni? Wa zai shaida?
In an kama ni, nawa zan biya?

Muddin amsar na yi masa daɗi,
Turke gare shi tatsuniya.

Ku gyara tarko, Alhaji direba,
Sintiri da bincike da bin waya.

A kare mai shaida ya kwana gida,
Kada shari'a ta tsufa a hanya.

Direban Funtuwa:
Na karanta duka, na gode. Zuciyata ba ta sauka ba.

Ƙanwata, na ji batun tarko,
Baba, ban ce ka yi ƙarya.

Amma wanda ya harbi yarona,
Ina son na gan shi da igiya.

Na ga fuskarsa, babu rawani,
Da tabo a goshi kamar ƙaya.

Na je na ba da bayani ofis,
Aka ce na kawo kuɗin man tafiya.

Gobe da asuba ina da lodi,
Ta Katari zan bi, ni ɗaya.