Tambaya: jijiyar da ke sa yawu zuba ita ce ke ƙara wa wurin jini?

Ɗalibi daga Gwale:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina karatun kiwon lafiyar dabbobi a nan Kano, kuma akwai wurin da ya ɗaure mini kai a darasin narkewar abinci. An koya mana cewa idan aka motsa jijiyar lakar da ke zuwa maɓuɓɓugar yawu ta ƙarƙashin muƙamuƙi, yawu yana zuba kuma jini yana ƙaruwa a wurin lokaci guda. Shin yawun ruwan jini ne kawai da ya tsatso saboda jinin ya yi yawa? In haka ne, me ya sa aka ce allurar atirofin tana busar da baki amma jinin wurin bai daina ƙaruwa ba? Ina kuma son sanin ko haka abin yake ga shanu da tumaki, domin duk misalan da nake gani na kare da kyanwa ne.

Malami mai koyar da aikin gaɓoɓin jiki:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a, yawu ba ruwan jini ne da ya tsatso ba, kuma an warware wannan tun 1851, lokacin da Carl Ludwig, masani ɗan Jamus, ya haɗa ma'aunin matsi da bututun yawun kare sannan ya motsa jijiyar. Matsin da ya taru a bututun ya zarce matsin jinin babbar jijiyar wuya, alhali abin da aka tace daga jini ba zai fi jinin da ya turo shi ƙarfi ba. Ƙwayoyin maɓuɓɓugar ne da kansu ke aiki: suna tura gishiri cikin ƙananan bututu, ruwa kuma ya bi gishirin. Jini a nan kamar ruwan da ɗan ga-ruwa ke kai wa mai koko ne; in babu shi ba za a dama ba, amma ba shi ke damawa ba.

Jijiyoyi iri biyu ne ke zuwa wurin. Na farko su ne farasimfatetik, waɗanda ke tasowa daga tushen ƙwaƙwalwa. Reshen da ke zuwa maɓuɓɓugar ƙarƙashin muƙamuƙi da ta ƙarƙashin harshe, wato korda timfani, yana fitowa ne daga jijiyar fuska, ta bakwai a jijiyoyin kai, ya ratsa ta cikin kunne kafin ya sauko. Ita kuwa ta gindin kunne, wadda ke kumbura wa yara idan sun kamu da hangum, jijiya ta tara ce ke kula da ita. Waɗannan su ke kawo yawu mai yawa tsararo, su kuma buɗe hanyoyin jini. Na biyu su ne simfatetik, masu fitowa daga lakar gadon baya ta saman ƙirji su haura ta wuya, waɗanda ke matse hanyoyin jini su kawo yawu kaɗan mai kauri da yauƙi. Claude Bernard na Faransa ya ga wannan bambanci da idonsa a 1858. Da ya motsa korda timfani a jikin kare, jinin da ke fita daga maɓuɓɓugar, wanda a al'ada baƙi-baƙi ne, sai ya koma ja wur yana kwarara da sauri, da ya motsa ɗayar kuwa sai jinin ya ragu ya ƙara duhu.

Batun atirofin ya fi daɗewa yana wahalar da masana. Rudolf Heidenhain ne ya lura a 1872 cewa maganin yana tsayar da yawu ƙaf amma hanyoyin jini suna ci gaba da buɗewa, kuma an haura shekara ɗari ana muhawara a kan dalili. A shekarun 1950 wasu sun ɗora abin a kan wani sinadari da maɓuɓɓugar ke saki idan tana aiki, sai dai wannan bayani bai gamsar ba. Wajen 1980 ne Jan Lundberg da abokan aikinsa a Suwidin suka nuna a jikin kyanwa cewa bakin jijiya ɗaya yana sakin manzanni biyu, wato sinadarai masu kai saƙo: asetilkolin, wanda ke umartar ƙwayoyi su fitar da yawu kuma shi atirofin ke tare wa hanya, da wani da ake kira VIP, wanda ke sassauta hanyoyin jini kuma atirofin bai da iko a kansa. VIP ya fi fitowa idan aka motsa jijiyar da sauri da ƙarfi, shi ya sa idan motsawar a hankali ce atirofin kan rage jinin ma. A ganina malamai kan yi wa ɗalibai gaggawa a wannan gaɓa, su bar su da tunanin kowace jijiya saƙo ɗaya take ɗauka.

Likitan dabbobi, Tarauni:

Malam ya gama da kare da kyanwa, bari in ɗora da masu tuƙa, domin a nan ne littafi da garke sukan saɓa. Maɓuɓɓugar gindin kunne ta saniya da tunkiya ba ta hutawa, tana zuba ko dabbar na kwance ba ta cin komai, kuma ko an yanke jijiyar ko an yi atirofin akwai ɗan abin da ke ci gaba da tsatsowa. Aikin jijiya shi ne ta ninka yawan lokacin ci da tuƙa, da kuma lokacin da busasshen abinci mai kaushi ya gogi bangon tumbi. Babbar saniya tana iya yin lita 100 zuwa 150 a yini, ɗan Adam kuwa da kyar ya wuce lita ɗaya da rabi. Yawun nan cike yake da bayikabonet da fosfet, masu kashe tsamin da ke taruwa a tumbi.

Abin da muke gani duk shekara idan Babbar Sallah ta gabato ke nan. Mutum zai sayo rago ramamme, ya ɗaure shi a soro, ya cika masa kwano da dusa da barzajjen masara don ya yi saurin ƙiba, ya rage masa harawa. Ragon ba ya tauna sosai, ba ya tuƙa, saƙon da ke zuwa ƙwaƙwalwa daga baki da tumbi ya ragu, yawu ya ragu, sai tumbi ya yi tsami. Za ka same shi ya sunkuyar da kai, ciki ya kumbura ta hagu, yana zawo mai warin tsami.

Hajiya mai kiwo, Ɗorayi:

Likita, ka ce ƙarancin yawu ne matsala, amma mu masu kiwo a gida dalala muka fi tsoro. Idan akuya ta tsaya yawu na zuba har ƙasa, jijiyar ce ta yi aiki fiye da kima?

Likitan dabbobi, Tarauni:

Ba kullum ba, Hajiya. Sau da yawa yawun bai ƙaru ba, haɗiya ce ta gagara, kamar idan ƙwallon mangwaro ya maƙale a maƙogwaro, ko baki ya yi gyambo saboda ciwon baki da kofato, ko kuma ciwon haukan kare ya shanye naman maƙogwaro, wanda shi ya sa muke hana mutane cusa hannu a bakin dabbar da ke dalala ba a san dalili ba. Inda jijiyar ke wuce gona da iri shi ne idan dabba ta lashi maganin feshin kaska ko na ƙwarin gona irin oganofosfet. Gubar tana hana jiki rusa asetilkolin, sai ya taru, yawu da hawaye da zawo su ɓalle tare, ƙwayar ido ta tsuke, jiki yana karkarwa. A nan ne atirofin ɗin da ɗalibinmu ya tambaya a kai yake ceton rai, amma likita ne zai auna shi gwargwadon nauyin dabbar, kuma ki riƙo kwalbar maganin feshin idan za ki kawo ta.